Mako na Bakwai

Kwanakin baya ɗan ƙanwata da aka ɗauka koyarwa a jami'a ya zo gaishe ni, kwamfutarsa a hammata. Bayan mun gaisa ya buɗe ta ya ce, "Kawu, dubi kwas ɗin da na tsara. Tsakanin La'asar da Magariba na gama shi." Na duba. Komai ya zauna daidai, makonni a jere, kowanne da kan maganarsa da littattafansa. Na ce masa ya yi kyau, domin ya yi kyau ɗin. Sai na tambaye shi su wane ne za su zauna a ajin. Ya ce ɗalibai mana. Na ce 'ya'yan wa? Ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

To, da shi da ire-irensa nake, ku masu ganin tsara manhaja kwafe-kwafe ne, a ɗauko ta wata jami'a a sauya mata riga. Wannan ita ce sana'ar da na yi har na yi ritaya, ina zaune a nan unguwar Wambai ina zuwa aiki a wata jami'a da ba ta da nisa da Suleja. Kuma da hannuna na tsara kwas ɗin da ya tsaya tsakanin wani bawan Allah, Malam Danlami na Kurmin Sarki, da digirin da ya zo nema. Ban karya ko doka ɗaya ta aikin ba. Da na karya, wataƙila da kunyar ta fi sauƙi.

Aikin farko da maigidana Malam Tanko ya ba ni yankan kwali ne. Ina zuwa da digirina sabo fil, ina jiran a ba ni ofis, sai ya miƙo mini almakashi da tsofaffin kwalayen sabulu ya ce in yanka su kamar tafin hannu. Na yanka ina ƙunƙuni a ciki. Da na gama ya sa aka ture tebur gefe, ya cire takalmi, ya ce mu rubuta duk abin da muke so ɗalibi ya sani, abu ɗaya a kwali ɗaya, mu shimfiɗa a ƙasa. Kwalaye suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Sai ya ce, "Madalla. Yanzu ka kwashe har sai abin da zai shiga zango ɗaya ya rage." A nan na gane aikin. Rubuta abin da za a koyar kowa ya iya. Wahalar ita ce ka tsuguna a kan abin da kake ƙauna ka cire shi, domin makonnin zango ba sa ƙaruwa don kai.

Haka muka yi shekaru, yana tafiya tsakanin kwalaye ba takalmi, yana tura wannan gaba da babban yatsan ƙafa, yana dawo da wancan baya. In ya ga na sa darasi mai nauyi a makon da ɗalibai suke dawowa daga hutun Sallah sai ya harare ni, ya ce a wannan makon rabin aji suna tasha. Shi ya koya mini abin da yake kira ƙafa biyu. Ya ce kowane darasi ya tsaya a kan misali biyu, ɗaya daga wata ƙasa don yaro ya san duniya ba ta ƙare a Dutsen Zuma ba, ɗaya daga gida don ya san maganar da shi ake. Na riƙe wannan kamar karatun Fatiha.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Akwai tafireta, akwai takardar stensil wadda in ka yi kuskure sai ka shafa mata wani jan ruwa mai warin jan farce ka jira ya bushe, akwai injin da ake juyawa da hannu yana fito da takardu yana shafa maka baƙin tawada har gwiwar hannu. Sannan akwai majigi, wanda ake saka masa ƙananan hotuna masu gefen kwali ya haska su a bango. Majigin nan guda ɗaya ne a tsangayarmu, sai ka yi kamun ƙafa kafin ya zo hannunka. Masu cinikinmu kuwa ba ɗalibai ba ne, kada ku ruɗi kanku. Shugabannin sassa ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya zo yana tambayar me yaro zai koya ba. Kowa awoyinsa yake tsaro, in ka rage masa awa ɗaya a mako sai ya daina amsa gaisuwarka har zango ya ƙare.

A farkon shekarun casa'in, bayan Malam Tanko ya yi ritaya ya koma garinsu, maganar muhalli ta cika rediyo. Ko'ina ana zancen daji yana ƙarewa, hamada tana gangarowa, a bar wa jikoki abin da za su tarar. Aka kira ni aka ce in tsara sabon kwas wanda kowane ɗalibi sai ya ci shi kafin a ba shi digiri, ya haɗa kula da muhalli da sanin yadda sauran al'ummomin duniya suke yi. Wata jami'a a ƙasar Turai ta aiko mana da akwatin littattafai da hotunan majigi, bisa sharaɗin mu ma mu aika musu da namu su koyar da 'ya'yansu. Wannan shi ne babban aiki na farko da zan yi ba maigida a kaina. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

A tsakar ɗakina na shimfiɗa kwalayen, Maimuna matata tana tsallake su tana mita. Ƙafar waje ba ta ba ni wahala ba, akwatin nan cike yake. Ga ƙasar da manya da yara suke zuwa aiki a kan keke, ga manoman Asiya da suka sassaƙa tsauni hawa-hawa don ruwa kada ya kwashe ƙasa, ga ƙauyen da ake girki da iskar da aka tara daga kashin shanu, ga birnin da ake raba shara gida-gida. Hotuna masu kyau, mutane fes-fes suna murmushi. Ƙafar gida kuwa babu littafi ko ɗaya, don haka na ari kyamara na hau tsohon babur ɗina na shiga gari. A lokacin Suleja ta cika ta batse da ma'aikatan Abuja da ba su sami muhalli a can ba, kowane lungu ana gini. Ban sha wahalar nema ba. Na ɗauki kwazazzabon da ya ci rabin hanya, na ɗauki lambatun unguwar Kwamba da shara ta toshe, na ɗauki masu haƙar yashi a rafi.

Ranar da zan nemi hoton mako na bakwai, wanda ya shafi ƙarewar daji, na bi ta Kurmin Sarki da hantsi. A ƙofar wani gida na ga itace jibge ya kusa kai katanga, an faskara an ɗaure shi ƙulli-ƙulli, wata dattijuwa tana zaune a kan kututture tana gyara ɗauri. Hasken ya faɗo mata daidai. Ko kashe babur ban yi ba, na sa ƙafa ɗaya a ƙasa, na ɗauka, na wuce. Ban yi sallama ba, domin a idona a wannan lokacin ba mutum na gani ba, misali na gani. Da aka wanko hoton na rubuta a gefen kwalinsa da Turanci, da ƙaramin rubutu: masu sayar da itace, tushen ƙarewar dajinmu.

Kwamiti ya zauna a kan kwas ɗin, aka yi ta ja-in-ja a kan ko awa biyu za a ba shi ko uku, da kuma sashen da zai riƙe majigi. Ba wanda ya ce uffan a kan abin da ke ciki. Majalisar jami'a ta amince, aka yaba mini a bainar jama'a, aka kwafi hotunan nan duka aka aika Turai. Na koyar da shi shekara biyu lafiya lau, ɗalibai suna cika aji saboda majigi.

Sai muguwar shekara ta zo. Waɗanda suka rayu a tsakiyar shekarun nan ba sai na yi musu bayani ba. Yajin aiki yau, a buɗe gobe, a sake rufewa jibi. Mai ya yi wuya, mutum ya kwana a layi da babur. Kananzir ya ɓace ɗungurungum, Maimuna ta goge rishonta ta ɗora a kan kabad, ta jera duwatsu uku a tsakar gida. Duk unguwarmu hayaƙi ne da safe, har gidajen manyan ma'aikata. Wato a shekarar da nake tsayawa gaban aji ina nuna masu cinye daji, tuwon da ke cikina da itace aka tuƙa shi, kuma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa abubuwan nan biyu a raina ba.

A wannan shekarar aka ba ni ajin malaman firamare da suka zo ƙaro ilimi. Manya ne, masu iyali, hukumarsu ta ba kowannensu hutun karatu mai iyaka, in ya ƙare dole ka koma koyarwa ko ka gama ko ba ka gama ba. A cikinsu Malam Danlami yake. Dogo ne siriri, mai tsabta, rigarsa ɗaya ce ko biyu amma kullum a goge. A gaba yake zama, rubutunsa kamar an buga da inji. Ya taɓa gaya mini a bakin ofis cewa an yi masa alkawarin kujerar hedimasta in ya kawo digiri, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe, yajin aiki ya riga ya cinye masa duk wani rarar lokaci. Yakan rage mini hanya da hira in mun haɗu a tashar mota, amma ban taɓa tambayarsa gidan wa ya fito ba.

Ranar mako na bakwai babu wuta, sai da na roƙi janareta. Aka rufe tagogi da tsofaffin labule. Na fara da ƙafar waje kamar kullum, ƙauyen nan mai girki da iskar kashin shanu, mata suna dariya a gaban murhu mai shuɗiyar wuta. Sannan na danna, dattijuwar Kurmin Sarki ta fito a bango, ta fi girman mutum. Na karanta abin da na rubuta a gefe da babbar murya, na ɗora da bayani.

Akwai wani ɗalibi, Sunday, mutumin kudu ne da ya daɗe yana haya a Suleja, mai raha, ba ya iya riƙe magana a ciki. Sai na ji ya buga tebur.

"Ah-ah! Oga, ai wannan Mama ne! A gidansa nake haya. Danlami, si yo mama fo telebijin!"

Wato ga mamarka a telebijin. Ba da mugunta ya faɗa ba, murna yake yi ya ga wadda ya sani. Aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ashe mai laifin tana da wakili a cikinmu." Aka sake kwashewa. Na dubi Danlami a cikin hasken majigin. Bai juya ba, ya dai ajiye bironsa a kan littafi ya haɗa hannuwansa. Na rasa abin yi, sai na danna hoto na gaba, na ci gaba da magana, ban san me nake faɗa ba.

Daga ranar suka sa masa suna Mako na Bakwai. Manyan mutane masu gemu, in ya shigo sai ka ji an ce, "Mako na Bakwai ya iso, a ɓoye kujerun katako." Na tsawata sau ɗaya, abin ya koma bayan idona. Na kira shi ofis na ce ban san mahaifiyarsa ba ce. Ya ce, "Ba komai, Malam. Ai karatu ne." Na zare hoton daga cikin jerin na jefa a aljihun tebur, na ɗauka magana ta mutu. Shi kuwa ya bar kujerar gaba ya koma can jikin bango.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, domin a nan sana'ar take nuna haƙoranta. Darasi ba ya ƙarewa a aji, yana da jela, jelar ita ce jarrabawa. A ƙa'idarmu tun farkon zango ake rubuta tambayoyi, a aika wa wani malami na wata jami'a ya duba, a buga a stensil, a liƙe a ambulan a kulle. Na rubuta nawa tun kafin in san fuskokin ajin. Bayan mako na bakwai aka sake tafiya yajin aiki na watanni, ina ta fama da abin da za a ci a gida, abin da ke cikin ambulan ya fita kaina fit.

Ranar jarrabawa na yage ambulan a gabansu. Da yake injinmu ya tsufa, rubutu yakan fito dishi-dishi, shi ya sa al'ada ce malamin kwas ya tsaya ya karanta tambayoyi da ƙarfi kowa ya gyara takardarsa. Na fara karanta tambaya ta ɗaya, wadda dole ce a kan kowa kuma ita ke ɗauke da maki mafi tsoka. Sai da na kai tsakiya na ji abin da bakina yake faɗa. Tambayar ta ce, ta yin amfani da hoton mai sayar da itace da aka nuna a mako na bakwai, ka bayyana ɓarnar da irin waɗannan mutane suke yi, ka kuma kawo matakan da ya kamata hukuma ta ɗauka a kansu. Ba halin tsayawa, ɗalibai sun fi ɗari suna jira. Na ƙarasa karantawa. A wannan karon ba wanda ya yi dariya, har Sunday kansa ƙasa yake kallo.

Da na zo duba takardu, tasa na fara nema. Sauran tambayoyin ya amsa su tsaf, yadda ya saba. A shafin farko kuwa ya rubuta lambar tambaya ta ɗaya, ya ja mata layi da rula, ya bar shafin fari fat. Na juya takardar gaba da baya ina neman inda zan tsinto masa maki. Na ƙara inda zai ƙaru, duk da haka bai kai ba. Ba a ba farar takarda maki, kuma mai dubawa daga waje zai bi bayana. Na je wurin shugaban sashe na yi masa bayani. Ya saurare ni da tausayi, sannan ya ce tambayar tana cikin manhaja, manhaja kuma majalisa ce ta amince da ita, wa ya tsara ta? Na ce ni. Ya buɗe hannuwa. Danlami ya faɗi kwas ɗina, shi kaɗai ne kwas ɗin da ya taɓa faɗuwa, kuma babu digiri sai da shi.

A hutun nan na sake fito da kwalayena na shimfiɗa a tsakar ɗaki, na cire takalmi kamar Malam Tanko, na jera ƙafar waje a dama, ta gida a hagu. Ban yi niyyar komai ba sai in sauya mako na bakwai. Da na miƙe tsaye na dube su daga sama sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Daga makon farko har na ƙarshe, duk kwalin da ke dama magani ne, duk wanda ke hagu cuta ce. Ba mako ɗaya da aka juya. Kuma na ga yadda aka yi. Mutanen da suka cika akwatin nan abin da suke alfahari da shi suka aiko, ba wanda zai ɗauki hoton jujinsa ya aika wa baƙo. Ni kuma da na hau babur, abin da ke ba ni haushi a garinmu shi idona ya riƙa gani. Na wuce matan da suke tara toka da shara ana kai wa gona taki, na wuce maƙeran da suke mayar da tsohuwar gwangwani fitila da mazubi, na wuce itatuwan ɗorawa da kaɗanya da ba mai sa musu gatari a gona. Waɗannan ba su yi mini kama da darasi ba, saboda ban taɓa ganin su a littafi ba. Ban kuma tambayi su wa suke ƙona itacen da dattijuwar take sayarwa ba, da tambayar ta biyo ni har murhun Maimuna. Shekara uku ina koya wa malaman yaranmu cewa hankali a waje yake, mu namu ɓarna. Can Turai kuma ana nuna wa 'ya'yansu haka nan, da rubutun hannuna.

Gyaran manhaja ba kamar goge allo ba ne. Sai ka sake rubutawa, ka kai sashe, sashe ya kai tsangaya, tsangaya ta kai majalisa, kowanne sai ya zauna, ga shi rabin shekarar ƙofar jami'a a garƙame. Na bi shi ofis-ofis kamar mai neman aure. Na rubuta wa Turawan nan su cire hoton, ban sami amsa ba, ban ma san ko wasiƙar ta isa ba. Sai da shekara ta zagayo har ta ɗora kafin sabon tsarin ya fito, kowane mako da cuta da magani a kowace ƙafa. Ranar da aka sa hannu na buɗe aljihun tebur na ɗauko hoton, na ce zan kai wa Danlami da kaina, in gaya masa ya dawo ya sake zama, tambayar nan ba ta nan.

Da La'asar sakaliya na isa Kurmin Sarki. Gidan bai ɓace mini ba, itacen yana nan jibge, dattijuwar tana kan kututturenta. Wannan karon na kashe babur tun daga nesa na turo shi. Na yi sallama na durƙusa.

"Sannu da aiki, Iya."

"Yauwa, sannu ɗan nan. Na nawa za a ba ka?"

Na ce ba saye na zo ba, wurin Malam Danlami na zo. Ta ɗaga murya ta kira, ya fito daga zaure da alli a gefen hannun riga, alamar bai daɗe da dawowa daga makaranta ba. Da ya gan ni ya ɗan tsaya, sannan ya rusuna ya gaishe ni. Ya ce, "Iya, malaminmu ne na jami'a."

Nan take ta gyara mayafi, ta sa ya ɗauko mini tabarma, ta shiga sa mini albarka. Sannan ta ce, "To Malam, yaushe za ku buɗe musu makarantar? Kullum na tambaye shi sai ya ce ana yaji. Wannan yaji naku ba ya hucewa ne?"

Na dubi Danlami, ya kawar da kai. Ashe bai gaya mata ba. Na ce, "An kusa, Iya, in Allah ya yarda."

Na so in ja shi gefe in ba shi hoton a ɓoye, amma da na zaro shi daga aljihu idonta ya kai. Ta ce mene ne wannan ɗan abu? Ba yadda zan yi, na ce hotonta ne, na ɗauka wata rana ina wucewa. Ta karɓa tana juya shi, ba ta ga komai ba. Danlami ya nuna mata ta ɗaga shi sama wajen haske ta rufe ido ɗaya. Ta ɗaga. Ta daɗe tana kallo, sai ta saki dariya har da tafa cinya.

"La ilaha illallahu! Ni ce wallahi! Ga ma tsohon zanena. Haba Malam, ai da ka yi magana da na shiga na ɗauro na Sallah. Yanzu a haka mutane suka gan ni?"

Na ce a haka. Ta tambaya su wa suka gani, na ce ɗalibai, har da na ƙasar Turai. Ta riƙe baki. Ta ce ita da ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba, ga ta a Turai. Sai ta sauke hoton ta kai shi kusa da ido, ta sa farce a gefen kwalin.

"Wannan ɗan rubutun fa, me aka ce?"

Ni ta tambaya. Na buɗe baki, ban san ko gaskiya za ta fito ko ƙarya ba. Kafin in yi magana Danlami ya miƙa hannu ya karɓi hoton, ya dube shi kamar yau ya fara ganin rubutun, ya ce, "Cewa ya yi, wata uwa mai neman halalinta a Suleja."

"Allah sarki," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka, Malam. Yadda ka ɗaukaka ni, Allah ya ɗaukaka 'ya'yanka."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Ta ƙulle hoton a gefen zane ta ce ba za ta mayar ba. Da na tashi tafiya ta hana ni, ta zaɓo ƙulli biyu na itacen marke busasshe ta ce a ɗaura mini a babur in kai wa uwargida, baƙo irina ba ya fita gidanta hannu sake. Na yi ta roƙo ta bari, ta ce in ban karɓa ba na raina ta. Danlami ya ɗauko igiyar roba, muka tura babur ɗin gaba kaɗan, ya tsuguna yana ɗaurewa. A nan na samu na gaya masa da ƙaramar murya cewa an sauya kwas ɗin, tambayar ta fita, ya dawo ya sake zama, ni zan bi masa komai.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na gode, Malam. Hutun karatun ya ƙare tun bara, an mayar da ni aji. Na nemi ƙari, sun ce sai layi ya sake zagayowa. Kujerar ma an ba wani." Ya ja igiyar ya ƙulle, ya girgiza itacen ya ga ya zauna. Sannan ya ce, "Na Turai ɗin fa, an cire?"

Na ce na rubuta musu. Ya gyaɗa kai, ya kakkaɓe hannuwansa, ya ce in gaida gida.

Layin bai sake zagayowa kansa ba. Danlami ya yi ritaya yana malamin aji, kuma har yau duk inda muka haɗu shi yake riga ni gaisuwa, ya rusuna ya ce Malam. Kwas ɗin da na gyara an daɗe ana koyar da shi, an ce yana da kyau, har wasu jami'o'i sun kwafa, wataƙila ma jikan kwas ɗin ne ɗan ƙanwata ya nuna mini a kwamfuta.

Ranar nan haka na ratsa gari daga Kurmin Sarki zuwa Wambai, malamin muhalli da itace a bayan babur, mutane suna yi mini sannu. Maimuna ta tare ni a tsakar gida da murna, ta kwance ƙullin tana yaba bushewarsa, ta ce rabon da ta sami marke irin wannan har ta manta. Ta tambaye ni a ina na saya, don ta riƙa aikawa can. Na ce ba saya na yi ba. Ta hura wuta, ya kama nan da nan ba hayaƙi, ta ɗora tukunya.